Sai na saita kamfas duk lokacin da zan tashi jirgin hoto?

Wani ƙanena mai ɗaukar hoton biki a nan Kano ya turo mini wannan tambaya: "Assalamu alaikum Yaya, barka da aiki. Wata uku ke nan da na sayi duron, wato jirgin hoto, na hannu, DJI Mini 2. Ogan da ya koya mini aiki ya ce kullum kafin in tashe shi in saita kamfas, kuma haka nake yi. Ranar Asabar muna aikin ɗaurin aure a wani gida mai bene a Rijiyar Zaki, sai na hau saman dakin, wato rufin kankaren benen, don in samu sarari. Da na kunna sai ya nuna matsalar kamfas, na saita a nan, ya karɓa. Da ya tashi kamar mita goma sai ya fara kewaye yana faɗaɗawa, har ya bugi darbejiya, farfela biyu suka karye. Kamfas ɗin ne ya lalace? Kuma sau nawa ya kamata in riƙa saitawa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kiyaye gaba, kuma mu gode masa da abin ya tsaya a kan bishiya, bai faɗa kan 'yan ɗaurin aure ba. Daga yadda ka ba da labarin, na fi zaton kamfas ɗinka lafiyarsa ƙalau. Wurin da ka kunna jirgin shi ne ya jawo, saitin da ka yi a wurin kuma ya ƙara dagula lamarin. Kada ka ga laifin ogan naka. Wannan al'ada ta saiti a kowane tashi ta zo ne daga zamanin Phantom na farko-farko, wato tsofaffin jiragen hoto na kamfanin DJI, lokacin da ake cewa a saita duk inda aka je sabon wuri, kuma da yawanmu haka muka taso muka tarar. Amma idan ka gane abin da saitin yake yi a cikin jirgin, kai da kanka za ka san ranar da ake bukatarsa da ranar da zai cuce ka.

Bari mu fara da abin da ya sa jirgi yake bukatar kamfas tun asali, tunda yana da GPS. Shi GPS abin da yake gaya wa jirgi shi ne inda yake a doron ƙasa. Ba ya gaya masa inda hancinsa yake kallo. Idan jirgin yana tsaye cak a sama, ko ya kalli Dala ko ya kalli Ƙofar Nasarawa, lambobin GPS ɗaya ne. Wanda yake faɗa masa gabas da yamma shi ne kamfas, wato wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, mai auna ƙarfin maganaɗisun duniya ta ɓangare uku: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Irinta ce a cikin wayarka da take nuna maka alƙibla. Ƙarfin da take aunawa kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. A faɗin duniya yana tsakanin 25 zuwa 65 a ma'aunin maganaɗisu da ake kira maikurotesla, a nan wajenmu kuma yana wajen 34. Maganaɗisun da ke bayan lasifika, idan ka matsa jikinsa, ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Ka ga ke nan ba wuya a ruɗe ta.

Matsalar farko tana cikin jirgin kansa. Injinan farfela huɗun nan kowanne cike yake da maganaɗisu, ga ƙusoshin ƙarfe, ga wayoyin da wutar batir take bi ta ciki. Duk waɗannan suna jan kamfas, kuma tare suke tafiya da shi duk inda ya je. To saitin kamfas aikinsa ɗaya ne: ya auna wannan jan na cikin jiki, ya rubuta shi, ya riƙa cire shi daga lissafi. Shi ya sa ake juya jirgin. Idan ka juya shi, maganaɗisun jikinsa yana juyawa tare da shi, na duniya kuwa yana nan inda yake, ta haka kwamfutar jirgin take rarrabe wanne ne nata, wanne ne na waje.

Ka tuna yadda mai sayar da gas yake yi. Zai ɗora tukunya babu komai a kan sikeli, ya maida shi sifili, sannan ya fara ɗura, don nauyin da zai gani ya zama na gas zalla. Saitin kamfas ke nan. Yanzu ka ɗauka lokacin da yake maida sikelin sifili, wani ya jingina gwiwarsa da shi bai lura ba. Sikelin zai karɓa, ba zai yi musu ba. Amma da zarar mai gwiwa ya matsa, duk awon da za a yi daga baya ƙarya ne. Mutane da yawa suna zaton saiti yana koya wa jirgi inda arewa take a sabon gari, ko yana sa shi ya saba da wurin da za a tashi. Babu ɗaya. Jikin jirgin ake aunawa, kuma jikin jirgi ba ya canzawa don ka tashi daga Gwammaja ka koma Hotoro. Idan saitin watan jiya an yi shi a wuri mai kyau, kuma babu abin da ya samu jirgin, to yau ma yana nan daram. Duk sabon saiti da ka yi, ka goge tsohon ne, kuma idan wurin bai da kyau, ka musanya mai kyau da gurɓatacce.

Yanzu mu hau saman benen nan. Dakin ba siminti kawai ba ne. A cikinsa akwai rodi da aka saƙa kamar raga, 'yan santimita kaɗan a ƙarƙashin inda ka ajiye jirgin, kuma ƙaramin jirgi irin Mini kusan a kwance yake a kan ƙasa, kamfas ɗinsa yana daf da rodin. A gidajenmu kuma sau da yawa akan bar kawunan rodi a tsaitsaye don ginin gaba, ga ƙafar tankin ruwa ta ƙarfe, ga farantin solar da ƙarafansa. Lokacin da jirgin ya nuna maka matsalar kamfas, abin da yake faɗa shi ne: abin da nake aunawa a nan bai yi daidai da abin da na sani ba. Bai san dalili ba, don haka manhajar jirgin da ke wayarka takan ba ka zaɓi biyu, ka matsar da jirgin ko ka saita. Mu kuma idonmu yakan tsallake na farko ya faɗa kan na biyu, saboda shi ne mai maɓalli. A irin wurin nan amsar ita ce ka kashe, ka sauko, ka nemi wani wuri.

Akwai abu na biyu, kuma shi ne ya fi cin jirage, ko da mutum bai yi saiti ba sam. A cikin jirgin akwai wata na'urar da ake kira IMU, wadda take jin juyawa da karkata. Ita ba ta san arewa ba, amma ta iya ƙirga digiri nawa aka juya. A daidai lokacin da ka kunna jirgin, sai ta tambayi kamfas ina muka fuskanta, ta riƙe amsar a matsayin mafari, daga nan ta ci gaba da ƙirga da kanta, kamfas yana ɗan gyara mata a hankali. To idan a kan rodi ka kunna, amsar farko karkatacciya ce. Da jirgin ya ɗaga mita biyu ko uku, ya fita daga jan rodin, kamfas ya dawo yana faɗin gaskiya, IMU kuma tana riƙe da abin da aka gaya mata a ƙasa. Sai gardama ta kaure a cikin jirgin, shi kuma yana sama.

Ga yadda kewayen da ka gani yake faruwa. Mu ce hancin jirgin yana kallon gabas, amma shi a lissafinsa arewa yake kallo. Iska ta ɗan tura shi yamma. GPS ya ce masa ka goce yamma, koma gabas. Shi da yake zaton arewa yake kallo, gabas tana damarsa, sai ya karkata dama. Amma damarsa ta gaskiya kudu ce, sai ya tafi kudu. GPS ya sake cewa yanzu kana kudu maso yamma, ya sake gyarawa, gyaran ya sake fita a karkace. Kowane gyara yana haifar da sabon kuskure, sai ka ga yana shawagi kamar shirwa, da'irar tana ƙara faɗi, gudun yana ƙaruwa. Idan kuskuren ɗan kaɗan ne, digiri goma ko sha biyar, sai dai ka ga ba ya tafiya a miƙe. Idan ya wuce digiri 90, ba ma kewaye zai yi ba, gudu zai yi ya nufi wani gefe da dukkan ƙarfinsa, saboda duk yunƙurin komawa yana ƙara nisanta shi ne. Yawancin labaran da kake ji cewa jirgi ya gudu da kansa, a nan suke farawa. Ni ma shekarun baya na rasa wani Phantom a haka, a wani aikin ɗaukar gini a hanyar Zariya. A kan murfin kwalbati na kunna shi don gudun ƙura, kuma har yau ina tuna yadda ya miƙe ya nufi gonaki ina riƙe da rimot babu abin da yake ji. Tun daga ranar na canza yadda nake tashi.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne ba kullum yake gargaɗi ba. Jirgin yana iya gane cewa ƙarfin maganaɗisun ya yi yawa ko ya yi kaɗan fiye da yadda ya kamata, amma idan rodin ya karkatar da shi ne kawai ba tare da ya canza ƙarfinsa sosai ba, ba shi da hanyar ganewa yana ƙasa. Sai ya nuna maka komai kore, a shirye yake. Don haka kada rashin gargaɗi ya zama hujjarka.

Hujjar da nake so ka riƙe ita ce 'yar kibiyar nan da ke kan taswira a ƙasan allon wayarka. Bayan ka kunna, tauraron ɗan'adam ya kama, kafin ka taɓa sandar tashi, buɗe taswirar ka duba. Idan ka ajiye jirgin hancinsa yana bin tsawon titi, kibiyar ma dole ta bi tsawon wannan titin a taswira, kuma ta fuskanci ɓangaren da hancin ya fuskanta. Sannan ka ɗaga shi da hannu, farfela a kashe, ka juya shi a hankali ka ga kibiyar tana binsa ba tare da tsalle ba. Idan babu titi, mu a Kano muna da abin awo a kowane lungu, wato masallaci. Alƙiblarmu tana wajen digiri 68 daga arewa, gabas ke nan da ɗan karkata zuwa arewa. Ka juya hancin jirgin inda liman yake fuskanta, kibiyar ta nuna gabas maso arewa kaɗan. Ba awon injiniya kake nema ba, kuskuren digiri 30 ko 90 kake farauta, kuma shi ido yana ganinsa nan take. Idan kibiyar ta saɓa, kashe jirgin gaba ɗaya, ka matsa, ka sake kunnawa. Matsawa kawai ba tare da kashewa ba ba ta isa ba, domin IMU ta riga ta riƙe amsar farko. Wannan dubawa ba ta cin daƙiƙa goma. Sai dai ka tabbata ka buɗe taswirar unguwar tun kana da data, domin babu amfanin kibiya a kan farin allo.

Garin nan cike yake da wuraren da suke ruɗar kamfas, kuma da yawansu su ne suke jan hankalin mai hoto. Gadojin sama irin na Ƙofar Nasarawa da Dangi da na Sabon Gari, da kewayensu, rodi ne da kankare tun daga tushe. Murfin kwata da kwalbati, bakin get na ƙarfe, gindin taransifoma, kusa da janareta, layin dogo, ƙarƙashin manyan wayoyin wuta da suke fitowa daga Kumbotso. Benayen Kantin Kwari. Ƙofar Ruwa kuwa ba sai an faɗa ba, kasuwar ƙarfe ce sukutum. Rufin kwano na ƙarfe yana ja, na alminiyam ba ya ja, amma ƙusoshi da ƙarafan da ke ƙarƙashinsa suna iya ja. A wurin biki ga rumfuna masu ƙafar ƙarfe, ga manyan lasifikoki. Wanda na fi gani kuma shi ne saman mota. Mutum ya zo wuri mai ƙura, ba ya son yashi ya shiga injin kyamara, sai ya ɗora jirgin a kan bonet. Niyyar mai kyau ce, amma ya ɗora shi a kan tulin ƙarfe. Ko intalok da kake gani kamar ba komai, ba ka san bututu ko wayar da aka binne a ƙarƙashinsa ba.

Abin da yake taimakonmu shi ne jan ƙarfe yana mutuwa da sauri idan aka yi nisa. Ga ɗan ƙaramin maganaɗisu, idan ka ninka nisa sau biyu, ƙarfinsa yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa ɗaga jirgi daga ƙasa da rabin mita zuwa mita ɗaya yakan kawar da matsalar rodin daɓe. Ni ina yawo da ɗan teburin roba mai naɗewa wanda babu ƙarfe a ƙafarsa. Babban bokitin fenti na roba da aka cire masa mariƙi, a kife, shi ma yana yi, kuma na taɓa aron turmi a wani gida na kife shi. Ka yi nisa da mota da get kamar taku goma. Wayarka ma tana iya yi maka leƙen asiri: buɗe kamfas ɗin alƙibla, ka riƙe ta a tsayin ƙirji, sannan ka sauke ta a hankali zuwa inda za ka ajiye jirgin ba tare da ka juya ta ba. Idan allurar ta karkata yayin da kake saukewa, akwai ƙarfe a ƙasa.

To yaushe ake bukatar saitin da gaske? Duk lokacin da jikin jirgin ya canza. Bayan faɗuwa mai ƙarfi, bayan gyara, musamman idan an canza inji ko hannu ko murfi ko an kwance ƙusoshi da sukuddireba mai maganaɗisu. Idan ka maƙala masa wani abu, kamar fitilar dare ko ƙaramar lasifika ko abin sakin kaya, ka saita da abin a jikinsa, ka sake saitawa idan ka cire. Idan ka sayo shi, sabo ko na hannu, ka yi masa saiti ɗaya mai kyau, domin ba ka san a inda aka yi na ƙarshe ba ko kusa da me ya kwana a hanya. Idan ya daɗe a ajiye kusa da lasifika, kamar a but ɗin mota mai babbar sifika. Sai kuma idan gargaɗin ya ƙi tafiya bayan ka canza wuri sau biyu zuwa fili mai tsabta, ko kibiyar ta ci gaba da saɓawa a can. A nan ka tabbatar matsalar a jikinsa take.

Za ka ji ana maganar kilomita 50 da kwana 30, kuma ba ƙirƙira ba ce. Littafin da DJI ya haɗo da jiragensa Mavic Air da Mavic 2 da Mavic Mini ya ba da shawarar a saita idan an yi nisan fiye da kilomita 50 daga inda aka tashi na ƙarshe, ko jirgin ya yi fiye da kwana 30 ba a tashe shi ba, ko gargaɗi ya fito. Littafin Mavic Pro kuwa, na kamfani ɗaya, cewa ya yi a saita kawai idan manhaja ko fitilar jirgin ta nema. Wasu jiragen idan ka kai su Katsina ko Zariya za su ƙi tashi sai ka yi. Idan naka ya nema, yi masa, babu laifi, amma ka nemi fili tukuna, kada ka yi a inda ka sauka daga mota. A ra'ayina wannan ƙa'ida taka-tsantsan ce ta kamfani, domin bambancin arewar maganaɗisu da arewar taswira ba saiti ne yake gyara shi ba. Jirgin yana duba inda yake ta GPS, ya ɗauko bambancin daga jadawalin da ke ƙwaƙwalwarsa. A Kano ma wannan bambanci bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba.

Akwai wani abu game da garinmu da yake burge ni. Kano tana kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, don haka a nan ƙarfin kusan a kwance yake tafiya, karkatarsa zuwa ƙasa 'yan digiri ne kaɗan. A Ingila yana nutsawa ƙasa da fiye da digiri 60, a Shenzhen ta ƙasar Sin inda ake ƙera DJI kuma fiye da 30. Tunda ɓangaren da ke kwance shi ne yake nuna arewa, kamfas yana samun abin kamawa sosai a wajenmu. Idan ya rikice a Kano, ka nemi dalilin a ƙarƙashin ƙafarka ko a jikin jirgin.

Yadda ake yin saitin kansa ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne zaɓen wuri. Nemi fili na ƙasa ko yashi, irin filin ƙwallon makaranta ko gona bayan girbi, ka tsaya a tsakiya nesa da ragar gola da katanga da turakun wuta. Kuma ya zama nesa da filin jirgin Malam Aminu Kano da barikoki, domin bayan saitin za ka yi tashin gwaji, kuma ka san tashi da duron a ƙasar nan yana ƙarƙashin izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Cire agogo, makullai, zoben ƙarfe, abin jin sauti na kunne, da bel mai katon kai. Rimot da waya ka ba wani ya riƙe, ya tsaya taku uku daga gare ka yana karanta maka abin da allo ya nuna. A manhajar DJI Fly za ka taɓa ɗigo ukun da ke sama ta dama, ka shiga Safety, ka gangara zuwa Compass. Da ka fara, fitilar jirgin za ta tsaya a ruwan ɗorawa. Riƙe shi a kwance, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ka juya shi cikakken zagaye ɗaya, digiri 360, a natse, ba da gudu ba kuma ba da jan jiki ba, har fitilar ta koma kore. Sannan ka tsayar da shi yadda hoton allon ya nuna, a yawancinsu hanci ƙasa, ka sake zagaye ɗaya. Ko kai ka juya da shi, ko ka juya shi a hannunka, duk ɗaya ne, in dai bai karkace ba. Idan fitilar ta koma ƙiftawa da kore, ya karɓa. Idan ja ta fito, bai karɓa ba, kuma kada ka nace a wurin, matsa gaba ka sake.

Karɓar da ya yi ba ita ce shaida ba, ka gani da idonka ranar Asabar. Bayan saiti, kashe shi, sake kunnawa, duba kibiya. Sannan ka ɗaga shi mita uku, ka saki sanduna ka zuba masa ido rabin minti. Ya kamata ya tsaya kamar an rataye shi. Juya shi a hankali zagaye ɗaya a inda yake, sannan ka tura shi gaba mita ashirin ka ga ko yana tafiya a miƙe.

Idan a fili mai tsabta ya ƙi karɓa sau uku ko huɗu, to wani ƙarfe a kusa da kamfas ɗin ya kama maganaɗisu fiye da abin da lissafi zai iya cirewa, ko wayar kamfas ɗin ta saki sakamakon faɗuwa. Masu gyara suna da na'urar da take goge maganaɗisu daga ƙarfe, aikin 'yan mintuna ne. Za ka ga wasu a intanet suna goga maganaɗisu a jikin jirgi wai don su gyara shi. Ina roƙonka kada ka gwada, domin ba ka da hanyar sanin ko ragewa kake yi ko ƙarawa.

Kada kuma ka haɗa wannan da sauran saituttuka biyu. Idan hotonka yana fitowa a karkace, sararin sama ya jirkice gefe ɗaya, wannan na mariƙin kyamara ne. Saitin IMU kuma a kan shimfiɗaɗɗen wuri ake yinsa, jirgin yana a huce, ana kwantar da shi ta ɓangarori daban-daban, kuma ana iya yinsa a ɗaki. Na kamfas ne ba a yi a ɗaki, saboda rodin daɓe da na rufi da wayoyin bango.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, ka sake ganin ya fara wannan kewayen a sama, kada ka danna maɓallin dawowa gida. Dawowa gida da wannan karkataccen lissafin zai yi ta, sai ya nufi inda ba gida ba. Hawa da sauka ba su dogara da kamfas ba, su ne abin da ya rage a hannunka. Idan ƙasansa fili ne babu mutane, sauke shi nan take tun da'irar ba ta yi faɗi ba, ko da saukar ba ta yi kyau ba. Idan akwai bishiyoyi ko jama'a, ɗaga shi sama da su tukuna, ka ja shi gefe. Sau da yawa jirgin da kansa zai gane gardamar ta yi yawa ya saki GPS, ya koma yanayin da ake kira ATTI, inda yake riƙe tsayinsa kawai, iska kuma tana tafiya da shi sai ka tare da hannu. Phantom yana da makunnin shiga wannan yanayi da gangan, Mini ba shi da shi. A lokacin hunturu da iskar arewa maso gabas take kaɗawa, jirgi mai nauyin gram 249 ba ya jiran ka yi tunani, don haka ka saba da tuƙa shi kana kallonsa da ido, ba ta allo kaɗai ba.

Shi wannan jirgin naka, yanzu yana cikin waɗanda suke bukatar saiti, saboda dalili biyu: ya faɗi, kuma saitin da ke cikinsa na saman dakin ne. Canza farfelun, ba biyun da suka karye kaɗai ba, har da abokan zamansu a kan injin, kuma ka yi amfani da sababbin ƙusoshin da suka zo da su. Juya kowane inji da yatsa ka ji ko akwai yashi ko gurzawa, ka duba hannuwan ko akwai tsagewa. Sannan ka fita da shi fili da sassafe kafin iska ta tashi, ka yi saiti ɗaya yadda na bayyana, ka yi tashin gwaji. Idan ya tsaya cak kuma kibiya ta yi daidai, kada ka sake taɓa wannan maɓallin sai ɗaya daga cikin dalilan can ya faru. Idan bai tsaya ba, kada ka kai shi aikin Asabar mai zuwa, kawo mini shi shago mu buɗe mu duba wayar kamfas ɗin tare. Ka gaida ogan naka, kuma ka nuna masa maganar kibiyar nan, domin yaran da yake koyarwa yanzu su fara da ita.